Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Duk macen da ta iya faten tsaki ta san ba a zuba tsaki da ka. Sai ruwa ya tafasa, an saka gyaɗa da yakuwa, sannan ta dubi cikar tukunya ta riƙa barbaɗawa tana juyawa. In ta zarce, fate ya daskare ya kama gindin tukunya. In ta yi ƙwauro, ya fita tsululu, yara su sha su kwana da yunwa. Daga murhu Bahaushe ya ɗauko wannan magana, ya ɗora ta a kan aljihu.

Sharaɗin farko shi ne mutum ya san yawan ruwansa, kuma a nan da yawanmu muke faɗuwa. Ɗan tireda yakan zura hannu cikin ciniki ya ba da kuɗin cefane, bai raba riba da uwar kuɗi ba, sai ranar sarin kaya ya ga jari ya zube. Ma'aikaci kuma yakan lissafa da ariyas ɗin da ba a biya ba, ko bashin da yake bin wani, ko alkawarin ɗan siyasa, har ya ci bashi a kansu. Kuɗin da bai shigo hannu ba bai isa a ɗora masa tukunya ba.

Ruwan ma ya ja baya. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, amma a Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Saboda haka mai hankali ba ya auna albashinsa da yawan takardu, yana auna shi da mudun masara nawa zai saya. Dole a faɗi gaskiya kuma: akwai gidajen da abin da ke shigowa bai kai ba ko yaya aka juya shi, kuma zalunci ne a ce musu rashin tsari ne ya jawo.

Wanda yake da ɗan abin juyawa kuwa, ya nemi littafi da biro. Abinci, haya, kuɗin makaranta da na magani su ne kan gaba. Haya a shekara ake biya, to a raba ta gida 12 a riƙa cire kason kowane wata, ko a zuba shi a adashin da kwasarsa za ta faɗo daidai lokacin da mai gida zai ƙwanƙwasa ƙofa. Mai hali ya sayi hatsi da kaka, lokacin da buhuna ke cika kasuwar Dawanau, ya fi ya riƙa awo mudu-mudu a tsakiyar damina. Sai kuma ƙananan da ba a jin fitarsu: data, wadda aka amince a ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, da cajin mai POS, da Adaidaita Sahu zuwa inda ƙafa za ta kai. A rubuta su na wata guda kawai, jimillar za ta ba mutum mamaki.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hidimar biki. Mace ba ta da kuɗin sabulu, an fitar da anko, dole ta yi don kada a ce ba ta da zumunci. Uba ya sayar da gonar da ke ciyar da gidansa don kayan ɗaki su yi daidai da na 'yar maƙwabci. Saurayi ya cika akwatunan lefe da bashi, amarya ta tare, kafin wata ya zagayo masu bin bashi sun fara sallama. Duk wannan awo ne da tukunyar wani. Mutanen da ake jin kunyar idonsu kuwa, sun ci shinkafa sun watse, ba wanda zai taya biya. Cewa “Yaya, a yi haƙuri, wannan karon ba ni da hali” tana da nauyi a baki, amma nauyinta na yini ɗaya ne, na bashi kuwa sai ya shekara.

Kada marowaci ya ce maganar tana goya masa baya. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi masu tsayawa tsakanin almubazzaranci da ƙwauro. Akwai maigidan da samunsa ya ƙaru, amma kuɗin cefanen da yake ajiyewa yau shi ne na shekara uku da suka wuce, ya bar uwargida tana cikawa da kuɗin ƙullin gyaɗarta, kuma ya dawo yana faɗan miya ba nama. Irin wannan ya zauna da ita ranar da albashi ya shigo, a buɗe littafin tare, don ita ce ke aiken yara kasuwa, ita ta san yadda ake sayar da kwalbar manja a makon nan.