Laifin Wa?

'Yar'uwa mai karatu, akwai tambayar da ba a yi wa mace a zaman makoki, amma ita tana yi wa kanta kullum dare: shin ni na kashe ɗana? Masu gaisuwa za su ce ya haƙuri, kwana ne ya ƙare, sannan kowa ya kama gabansa. In kuwa ɗan fari ne ga alkunya, ko sunansa ba ta iya kira, balle ta yi kuka gaban surukai. Sai abin ya koma ciki ya yi ta cinta kamar gara.

Na san wata baiwar Allah, 'yar gidan Maguzawa daga ƙasar Kano, aure ya kawo ta unguwarmu. A annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta ɗebi dubban rayuka a Arewa, ɗanta ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kai. Ta ba shi jiƙo tana jiran maigida ya dawo daga tafiya. Kwana biyu wuya ya sanƙare, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Sanƙarau kuwa haka yake, farkonsa kamar zazzaɓin da muka saba, kuma yana iya kashewa cikin kwana guda. Duk mun gaya mata haka. Sai ta ce, "Maman yara, ku kuna faɗa ne don ku sanyaya min rai, ni na san kwana biyun nan." To me za ki ce mata? Wallahi mu mata mun iya lallashi, amma wanda ya yanke wa kansa hukunci ba ya jin lallashi.

Wata maƙwabciya ce ta riƙa janta zuwa taron Zumuntar Mata a coci, da farko don dai ta fita daga ɗaka. Can aka karanta Bisharar Yohanna sura 9, inda almajirai suka ga makaho tun haihuwa suka tambayi Yesu ko zunubinsa ne ko na iyayensa, ya nuna musu ba na ko ɗaya ba ne. Ta ji daɗin wannan, amma bai kai ga inda ciwon yake ba.

Abin da ya kai shi ne labarin Sarki Dawuda a Sama'ila ta Biyu sura 12. Ni kaina labarin yana min nauyi, don shi Dawuda laifinsa a fili yake, ya ɗauki matar Uriya ya sa aka kashe mijin. Annabi Natan ya shaida masa an gafarta masa, duk da haka yaron ya yi ciwo. Ya yi azumi yana kwance a ƙasa, rana ta bakwai yaron ya cika. Sai ya tashi ya yi wanka, ya sake tufafi, ya yi sujada, ya ci abinci, ya kuma faɗa wa fadawansa cewa wata rana shi ne zai je wurin yaron.

Nan fa ta tsaya. Mu duk ƙoƙarinmu mu nuna mata ba ta da laifi, ita kuwa so take ta san in ma tana da shi, akwai mai yafewa? Ta ji an ce Almasihu ya ɗauki zunubin mutane a kan gicciye, sai ta ce to har da kwana biyun nan nata. A ganina har gobe ba ta yi laifin komai ba, jahilcin ciwo ba kisan kai ba ne. Amma ban yi mata gardama ba.

An yi mata baftisma bayan shekara uku da rasuwar. Kewa dai tana nan, in zafin bazara ya kama takan yi shiru. Sai dai yanzu tana kiran sunan yaron a addu'a, a fili, kuma da ta ji ɗan wata ya kwana da zazzaɓi ita ce farkon ɗaukar mayafi ta ce a tashi a tafi asibiti.