Filibus Bai Guje wa Baban Habasha Ba

A Ayyukan Manzanni sura 8, Ruhu ya aiki Filibus wurin wani baba, mai kula da baitulmalin sarauniyar Habasha. Shari'ar Musa ta hana irinsa shiga taron jama'ar Ubangiji. Duk da haka Filibus ya hau karusarsa, ya zauna kusa da shi, ya yi masa baftisma.

Yau a Nijeriya akwai waɗanda aka haifa maza amma suna ganin kansu mata, suna shan sinadarin estrojen a ɓoye. Wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa suke saye, irin waɗanda ake samu a kantin magani daga Godogodo har Kafanchan. Estrojen da ke cikin yawancinsu yana daskarar da jini a jijiya, musamman ga mai shan taba, kuma awon da aka saba yi ba ya nuna yawansa. A 2017 ƙungiyar likitocin Endocrine Society ta Amurka ta ce ma'aunin ya tsaya tsakanin 100 da 200 pg/mL, a riƙa awon jini kowane wata 3 a shekarar farko. Mai ɓuya ba ya zuwa awo, tsoronsa kuwa ya ƙaru tun dokar 2014.

Ikilisiya tana da koyarwarta a kan Farawa sura 1, ba ta kuma yar da ita ba. Amma idan ɗan wani dattijo ya zo da kumburarriyar ƙafa da numfashi sama-sama, wa'azi zai iya jira. Fasto ya riƙe sirrinsa, ya nemi mota, ya kai shi asibiti a Kafanchan a ranar.