Ledar da Ban Zana Ba

Ranar da na fara fita da buroshi da kwalayen fentin mai, gindin dutsen Kufena na nufa, a wajen Zariya. Ga dutse, ga kuka tsaye ba ganye, ga hazon hunturu ya lulluɓe nesa. Amma ga baƙaƙen ledoji maƙale a ƙaya, ga wayoyin wuta sun ratsa sararin sama. Na tambayi malamina ko in zana su. Ya ce, "Hannunka ne, amma ka san abin da za ka faɗa wa mai kallo."

Fentin mai, wato garin launi da aka kwaɓa da mai, ba ya bushewa da wuri. Yakan ɗauki kwanaki. Ana farawa da shafi tsinkakke, sannan a bi da mai kauri, don idan aka juya tsarin, zanen yakan tsattsage daga baya. Abin da ke nesa ana dusashe launinsa, na kusa a ƙarfafa shi. Saboda wannan jinkiri, mai zane yana da isasshen lokacin tunani. Duk abin da ya bari a waje, da gangan ya bar shi.

Shin cire ledar nan ƙarya ce?

A 1821 mai zanen Ingila John Constable ya kammala The Hay Wain, wanda yanzu ke National Gallery a Landan: amalanke da dawaki a cikin kogin Stour, gida a gefe, gajimare a sama. Ƙauyen ƙuruciyarsa ne, mahaifinsa ne ma mai injin niƙan Flatford da ke wurin. Amma a ɗakin aikinsa na Landan ya zana shi, daga ƙananan zanukan da ya yi tun farko. A 1822 ma'aikatan gona a yankin Suffolk suka yi bore saboda talauci, suna farfasa injinan sussuka. Wanda ya kalli zanen ba zai ji ƙanshin wannan yunwa ba. Masu aikin gonar can nesa suke, 'yan mitsi-mitsi.

Ban ce Constable maƙaryaci ba ne. Ya zana abin da yake ƙauna, kuma ya zana shi da kula. Babu zanen da ke ɗauke da komai. Ko kyamarar waya tana da gefen da take yankewa. Sai dai ragi iri biyu ne. Akwai wanda ake yi don ido ya huta a kan abin da ake nufi, kamar cire reshen da ya tare dutse. Akwai kuma wanda ke canza hukuncin mai kallo: ya ga ƙasa lafiya lau, alhali tana ciwo. Na farko gwaninta ce. Na biyu shaida ce da aka tauye, ko da mai ba da ita bai furta ƙarya ko ɗaya ba.

Abin da ya dame ni shi ne, zanen mai yana daɗewa fiye da mai shi. Jikan da bai ga Kufena ta yau ba, a wurina zai gan ta. Idan na share masa ledar, zai ɗauka mun miƙa masa ƙasa mai tsabta, shi ne ya ɓata ta.

A zanen farko na cire ledojin, kowa ya yaba. A na biyu na bar guda ɗaya a jikin ƙaya, iska na kaɗa ta. Sai da na haɗa shuɗi da ruwan ƙasa kafin na samu baƙinta, kuma ta fi dutsen ba ni wahala. Shi na rataye a ɗakina.