Kafin Ragon Suna, a Tambayi Allurar Bitamin K

Tunatarwarmu ta wannan Juma'a a kan jarirai ce, amanar da Allah Ya danƙa mana. Tun ciki bai tsufa ba mukan fara tanadin ragon suna, amma mu nawa ne muka taɓa tambayar ko an yi wa jariri allurar bitamin K?

Bitamin K ne ke taimaka wa jini ya daskare idan an ji rauni. Duk jariri da ƙarancinsa ake haifarsa, domin kaɗan yake samu tun yana ciki, kuma nonon uwa, duk da albarkarsa, ba shi da shi da yawa. Shi ya sa wani jaririn kan zubar da jini tsakanin kwana 2 zuwa 7, ta cibiya ko a kashi. To, ku duba, daidai kwanakin da muke kiran wanzami ke nan, a cire belu, a yi tsaga.

Mafi haɗari shi ne wanda ke zuwa daga mako 2 zuwa 12, wani lokaci har wata 6. Kusan rabin waɗannan jariran a ƙwaƙwalwa jinin ke zuba, ba a gani. Wanda ya rayu yana iya tashi da farfaɗiya, shanyewar ɓarin jiki, ko jinkirin tafiya da magana. Sai a ce iska ce, alhali allura ɗaya a cinya, miligiram 1, ranar haihuwa, tana kare wannan da iznin Allah.

Mu da ke zaune nan Kudu, da yawa iyalanmu a gida suke haihuwa, wasu kuma Arewa ake kai su haihuwar fari. Malam, ko ina aka haihu, buga waya ka tambaya. Ba ita ce allurar BCG ba, ba kuma ɗigon shan inna ba. In ba a yi ba, a kai shi asibiti, a ci gaba da shayarwa.

In an ga jini ya ƙi tsayawa, ko maɗiga ta kumbura, ko jijjiga, ko yaro ya ƙi kama nono, kada a jira gari ya waye. Tawakkali bai hana riƙon sababi ba.

Allah Ya raya mana zuriya cikin lafiya da imani, amin.