Kada Ka Toshe Bakin Kuskure

Ɗana, kai da ka kama sana'ar rubuta manhaja, na san niyyarka kyakkyawa ce, so kake aikinka ya tafi sumul, kada ya tsaya wa mutane a tsakiyar hanya. Amma zauna ka ji irin ɗawainiyar da kwamfaila ke yi dominka, wato manhajar nan da ke juya rubutunka zuwa harshen inji.

Duk sanda ka rubuta try da catch a C++, kwamfaila irin su GCC da Clang sukan tanadi jadawali a gefe, mai nuna inda za a nufa idan tangarɗa ta auku a wuri kaza. Muddin ana lafiya, ko leƙa shi ba a yi, shi ya sa aikinka ba ya nauyi. Ranar da kuskure ya taso kuwa, sau biyu ake bin sawun kiraye-kirayen: da farko a nemo wanda ya ce zai karɓa, sannan a dawo ana kwance aiki ɗaya bayan ɗaya, ana rufe fayil, ana sakin ma'adana, har saƙon ya iso hannunka.

To, bayan duk wannan, ashe ya dace ka bar catch fanko, ka karɓi saƙon ka yi gum? Kwamfaila tana iya kawo maka labari, amma shawarar abin yi taka ce, kuma kuskuren da ka binne yau gobe zai tsiro a lissafin wani bawan Allah da ya amince da kai.

Dubi abin da ya sami rokar Ariane 5 ran 4 ga Yuni 1996, wadda ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta daga Kourou. An nemi cusa lamba mai bit 64 cikin gurbi mai bit 16, manhajar da aka rubuta da harshen Ada ta sanar da kuskuren yadda ya kamata, sai dai abin da aka tsara shi ne na'urar da manhajar ke aiki a kanta ta dakata. Ta ajiya ma haka ta yi, domin manhajarsu ɗaya ce.

Saboda haka, ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya. Kama kuskuren da ka san maganinsa, wanda ya fi ƙarfinka ka rubuta bayaninsa ka miƙa shi gaba, kuma ka riƙa jawo tangarɗa da gangan lokacin gwaji don ka ga halin manhajarka a ranar wuya. Allah ya yi wa aikinka albarka.