Gwajin Giya A Miyau: Ina Iyakar Bincike?

 

Ya 'yan'uwa matasa, akwai wata 'yar siririyar takarda da ba ta wuce tsawon yatsa ba, wadda ake jiƙa bakinta da miyau, a jira minti 2 zuwa 4, in mutum ya sha giya sai launinta ya juya zuwa kore ko shuɗi. Dalili kuwa, giyar da ta shiga jini tana fitowa cikin miyau daidai gwargwado, kuma an shafa wa takardar wani sinadari da ke sauya launi in ya gamu da ita. Tana iya kama ko da kashi 0.02 cikin ɗari ne a jini. Ba allura, ba likita, ba tsada. Kowa na iya riƙe ta a aljihu: uba, malami, mai mota, shugaban ƙungiya. To, a nan ne tambayar take. Haramcin giya ba abin jayayya ba ne a wurinmu. Amma wa ke da ikon ce wa ɗan'uwansa ya buɗe baki?

Bari mu fara da Alƙahira, domin can an yi wannan muhawara bayan an zubar da hawaye. Ran 27 ga Fabrairu 2019, kan jirgin ƙasa ya taho da gudu babu direba a ciki, ya daki ƙarshen dandamali a tashar Ramsis, tankin mansa ya kama wuta, mutum sama da 20 suka mutu. Direban ya sauka ne yana cacar baki da abokin aikinsa bai ja birki ba. Ministan sufuri, Hisham Arafat, ya ajiye aiki a ranar. Daga nan gwamnatin Masar ta tsananta gwajin kayan maye ga ma'aikata da direbobi, har a 2021 aka yi Doka ta 73, wadda ta ba da ikon gwada ma'aikacin gwamnati ba zato, in an tabbatar yana shan ƙwaya a sallame shi. Gwajinsu galibi na fitsari ne, kuma ƙwaya da wiwi yake nema, amma mas'alar guda ce: jikin mutum ya zama mai ba da shaida a kansa.

Malamanmu na da ba su san wannan takarda ba, amma sun san hanci. A mazhabarmu ta Malikiyya, in adilai suka shaida sun ji warin giya a bakin mutum, wannan ya isa hujja a gaban alƙali. Imam Abu Hanifa da Imam Shafi'i ba su yarda a yi haddi da wari kaɗai ba, saboda akwai shubuha: ƙila bai san giya ba ce, ƙila tilasta shi aka yi, ƙila warin wani abu ne daban. Sai mai saurin hukunci ya ce, ai ke nan mu Malikawa an buɗe mana ƙofa, takarda ma ta fi hanci gaskiya. A yi haƙuri, ba haka ba ne.

Dubi Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya yarda da shi. An ruwaito cewa a garin Hims wani ya yi masa gardama kan karatun Suratu Yusuf, yana cikin magana sai ya ji warin giya daga gare shi, ya tsayar masa da haddi. Shi ɗin dai, a ruwayar Abu Dawud, an kawo masa ƙarar wani cewa gemunsa na ɗigar giya, ya nuna cewa an hana su bin diddigi, sai abin da ya bayyana gare su za su kama mutum da shi. Babu karo tsakanin biyun. A na farko warin ne ya zo ya same shi. A na biyu ana son ya tashi ya je nema. Wannan nema shi ne tajassusi, wanda aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana, a jere da mummunan zato da giba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kai ga cewa a Ihya'u mai hana mummuna ba shi da ikon shinshina don ya gano warin giya. Takardar miyau kuwa mece ce in ba shinshina ba, da hancin da ba ya mura?

Amma da a nan maganar ta tsaya, da mun zalunci mutanen tashar Ramsis. Imam Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya togace wuri guda a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya: inda ɓarnar in ta auku ba a iya mayar da ita, kamar a ce amintacce ya ba da labarin an keɓe da mutum za a kashe shi, to nan an yarda a bincika. A ganina direba ya shiga wannan babi. Wanda ya ɗauki 'yan makaranta a bas, ko ya cika trotro da fasinja daga Nima, shan da ya yi ba asirinsa ba ne shi kaɗai, don rayukan mutane na hannunsa. Ya karɓi amana, kuma an gaya masa tun farko cewa gwaji na cikin sharaɗin aiki. Mai motar da ya gwada shi kafin ya miƙa masa makulli bai tona asirin kowa ba. Abin da yake tambaya shi ne ko wannan zai iya tuƙi yau. Bai tambayi matsayinsa a wurin Allah ba, ba shi da hurumin wannan.

Ko a nan ma sai da sharaɗi. Takardar tana kuskure. Ruwan kurkure baki da wasu magungunan tari suna da barasa a ciki, shi ya sa masu yin ta suke cewa kada a sa komai a baki na minti 10 zuwa 15 kafin gwaji. A Amurka, dokar ma'aikatan sufuri ba ta hukunta direba da gwajin miyau kaɗai. In ya nuna 0.02 ko sama, sai a jira minti 15 a sake da na'urar numfashi. Dokar Masar ma ta tanadi gwaji na biyu na tabbatarwa, kuma ta jinkirta wata 6 kafin ta fara aiki, don mai sha ya kai kansa magani. Ni dai kora ban so ta zama matakin farko ba, don in an kori uba, yara ne ke kwana da yunwa, shi kuma ya koma ga abin da aka kore shi dominsa. Sauke shi daga sitiyari wajibi ne. Abin da za a yi da shi bayan haka, nan ne ake bukatar hikima.

Wurin da ya fi yi mini nauyi shi ne gida da ƙungiya. Uba ya ga ɗansa na dawowa da dare ido ja. Yana da haƙƙin tarbiyya, ba mai musu. Amma ya tambayi kansa, in takarda ta juya kore, me zai yi da bai iya yi tun jiya? Nasiha ba ta jiran sakamako. In kuma ba ta juya ba, ya riga ya gaya wa yaron cewa bai yarda da maganarsa ba. Sa'an nan ga abin dariya mai ban tausayi: takardar giya ba ta ganin tiramadol, ba ta ganin wiwi, alhali su ne suka fi cin samarinmu a zango. Yaro zai ci jarrabawar miyau ya fita ya haɗiyi ƙwaya, uba na murna.

Ƙungiya kuwa, wadda za ta tsaya a ƙofar makarantar dare tana gwada masu shiga, ta san abin da zai biyo baya. Saurayin da ya sha akpeteshi jiya, yau kunya ta kama shi ya zo sauraron karatu, gobe ba zai zo ba. Waɗanda za su rage a kan tabarma su ne waɗanda da ma ba su sha.