Ba Kome Ne Na Sayarwa Ba

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kuɗi kuwa ya shiga kowane ƙauye. Kakanninmu sun ƙidaya wuri, iyayenmu fam da sule, mu kuwa tun 1973 naira mu ke ƙidayawa. Ciniki ba zunubi ba ne. Lidiya mai sayar da shunayya ce, Bulus kuma da ɗinkin alfarwa ya ciyar da kansa. Amma yanzu kasuwa ta tashi daga wurinta, ta biyo mu har cikin gida.

A dā, in ciyawa ta ci gonar gwauruwa, sai a kira gayya, samari su fito da fartanya, ladansu kuwa kunu da tuwo. Yau sai su ce mata, nawa za ki biya? Saurayi mai tsoron Allah ya zo neman aure, mu lissafa masa akwatunan lefe har ya koma gida da kunya, mu ba da 'yarmu ga wanda ya fi tayi. Har cikin ekklesiya akwai masu sayar da mai da ruwa, suna yanka wa addu'a farashi.

Mu tuna da Nabot cikin 1 Sarakuna 21. Sarki Ahab ya yi masa tayi mai kyau, ko gonar da ta fi tasa, ko kuɗinta. Nabot ya ƙi, gama gonar gādon kakanninsa ce. Aka jajjefe shi, amma bai sayar ba. Mu tuna kuma da Siman na Samariya cikin Ayyukan Manzanni 8, wanda ya miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sayi baiwar Allah. Bitrus ya tsauta masa ƙwarai, ya nuna masa zuciyarsa ce ta karkace.

Ga hatsarin fa. Wanda ya saba sa wa kome farashi, wata rana zai sa wa mutum. 'Yan'uwan Yusufu sun karɓi azurfa 20, Yahuza kuwa 30. Mu fa, nawa mu ke karɓa a kan maƙwabcinmu?

Saboda haka, kada mu ji kawai. A wannan damina kowace ekklesiya ta yi wa gwauruwa ɗaya gayya. Iyaye, mu fara tambayar halin saurayi kafin aljihunsa. Mu masu hidima kuwa, kada mu bari matalauci ya ji tsoron zuwa wurinmu hannu wofi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ba da azurfa aka fanshe mu ba, sai da jinin Yesu Kristi. Ubangiji ya ba mu zuciya irin ta Nabot. Amin.